Gyara Kayanka: Tashin Gaskiya Ta Fi Kwabo Da Yadda Ta Yi Shiru

Ran da aka zauna raba gadon mahaifinmu a cikin birnin Katsina, an rasa kason da za a sa wata adaka ta ƙarfe da ke ƙuryar turakarsa. Da aka buɗe, jaridu ne maƙil, ɗauri-ɗauri, kowanne an ɗaure shi da tsumma, an rubuta shekararsa da tawada a jikin 'yar takarda. Mafi yawa Gaskiya Ta Fi Kwabo ce, sai New Nigerian daga sama-sama. Yayarmu ta dube ni ta ce, "Malam, kai ne mai karatu, ɗauki kayanka, Allah ya sa albarka." Haka adakar ta zo hannuna. Na yi shekaru ban waiwaye ta ba, sai da na bar aikin koyarwa na sami sarari, na riƙa kwance ɗauri ɗaya-ɗaya ina karantawa bayan sallar asuba.

Karatun nan ya bar ni da tambayar da ta sa na zauna wannan nazari. Ga jarida ta fi shekara saba'in tana fitowa, gwamnati na bayanta, tana da injin bugawa nata na kanta, sunanta na bakin wanda bai taɓa riƙe ta ba, sannan ta ɓace daga hannun masu talla ba tare da wani ya kafa dokar hana ta ba. Ana kiran ta jaridar 'yan mazan jiya, mai ra'ayin riƙau, bakin sarakuna da gwamnati. Ban musa ba. Amma riƙau iri-iri ne, kuma ina so a duba irin nata, abin da ya amfana, abin da ya cutar, da inda ƙarfinta ya fara zurarewa.

Jita-jita ce ta haife ta

A 1938 duniya ta ɗauki zafi. Hitler na neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan yaƙin duniya na farko, sai magana ta bazu a kasuwanni cewa Ingilishi na shirin miƙa Nijeriya ga Jamus don a zauna lafiya. Gwamnatin Turawa ba ta da bakin da za ta yi wa talaka magana kai tsaye. Daga Razdan sai Sarki, daga Sarki sai hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, sannan sanƙira ya bi gari. Kafin zance ya iso ya riga ya canja kama. Jaridun Legas kuwa, irin West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe da aka kafa a 1937, sun fara hauro Arewa, kuma ba su da daɗin ji ga Bature ko ga basarake.

Saboda haka a watan Janairun 1939 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, wata-wata take fitowa, sunan kuma yana gaya wa mai saye cewa abin da ke ciki ya fi abin da ya biya. Duk wanda zai yi mata adalci dole ya fara daga nan: gwamnati ce ta kafa ta don ta kashe jita-jita, ta kuma riƙe zukatan mutane a gefen Ingila. Kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke jiran sa.

Sai dai mutumin da aka ɗauko ya zama editanta na Hausa ya fi ƙarfin a mayar da shi sanƙira. Malam Abubakar Imam haifaffen Kagara ne, a 1911, amma Katsina ce ta ƙera shi. A Kwalejin Katsina ya yi karatu, wadda aka buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma daga aikin koyarwa a Midil ta Katsina aka ɗauke shi zuwa Zariya. Kwalejin nan ita ce ta yaye Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai son gane halin jaridar. Editan, da manyan masu karanta ta, da mutanen da za su karɓi mulki bayan shekara ashirin, duk rijiya ɗaya suka sha. Galibinsu 'ya'yan sarauta ne ko 'ya'yan malamai da alƙalai, En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, ita ce ta biya musu karatu, ita ce kuma ta ba su aiki. Sun ga ɓarnar da ke cikin En'e da idonsu, sun ji zafin yadda ake mayar da ɗan boko yaro a fada, amma gidan nasu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba shi ne zai fara kawo shawarar a rushe ɗakin ba.

A zauren gidanmu

Mahaifinmu malamin En'e ne, a baitulmali ya yi yawancin aikinsa. Na taso na tarar ranar da jarida ta iso gari rana ce ta daban. Katsina ba ta da jirgin ƙasa, Funtuwa ya tsaya ya wuce Gusau, don haka a mota take zuwa, wani lokaci ta kwana biyu a hanya. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a zaure. Baba ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi, maƙwabta na saurare: mai sayar da goro, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, limamin masallacin unguwa, da mu yara daga bakin ƙofa. Kwafi ɗaya yakan ratsa kunne goma sha wani abu kafin magariba, washegari kuma a aiko yaro daga wani gida a ce Malam ya ba da aro. A riƙe wannan, don zai dawo idan mun zo maganar kuɗi.

Masu jaridar sun san yawancin masu karatu a Arewa ajami suka iya, shi ya sa aka riƙa haɗawa da 'yar takarda cikin ajami da ake kira 'Yar Gaskiya. Da tafiya ta yi tafiya, daga wata-wata ta koma mako biyu-biyu, ta koma mako-mako, har ta kai ana buga ta fiye da sau ɗaya a mako. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, a 1948 ya fitar da ƙanwarta ta Turanci, Nigerian Citizen. Zamanin Yaƙi da Jahilci kuma kowane lardi ya sami tasa 'yar jarida, mu a Katsina tamu ita ce Himma. Wanda ya gama ajin yamma ya karɓi takardar shaida, abin da zai fara gwada karatunsa a kai ke nan.

Akwai aikin da ta yi wanda ba a cika lissafa shi ba, ni kuwa a matsayina na wanda ya koyar da yara rubutu shi na fi gani. Ita ce ta zaunar da Hausar boko. Haruffan nan masu lanƙwasa, da raba kalma, da yadda za a faɗi majalisa, ƙuri'a, kasafin kuɗi da tsarin mulki, a shafukanta mutane suka saba da su har suka zama na kowa. Mu Katsinawa mun lura Hausarta ta fi karkata Kano. Muna cewa "mi", tana rubuta "me". Muna cewa "wanga", tana rubuta "wannan". Baba yakan karanta yadda aka rubuta, in ya zo sharhi ya koma harshen gida. Duk da haka, a ce mutumin Daura da na Yola da na Kumasi su karanta shafi ɗaya su fahimta, wannan riba ce da har gobe muke ci.

Shafin da ya fi jan hankalina a adakar shi ne na wasiƙu. Nan za ka ga malamin makaranta, ɗan kasuwa, ma'aikacin asibiti, suna kuka da cin hanci, da zaluncin masu karɓar haraji, da tsadar aure, da rashin rijiya. A zamanin da talaka ba ya ɗaga ido gaban hakimi, a ce kukansa ya fito a takarda har Razdan ya gani, babban abu ne. Amma in ka karanta da yawa za ka ga inda katangar take. Ana taɓa dagaci, ana taɓa ɗan doka da malamin haraji, a wasu lokuta a shafi hakimi. Daga nan sai murya ta yi ƙasa. Tsarin jaridar kamar an gina shi ne a kan maganar nan ta ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Landan, 1943

In ana neman rana ɗaya da ta nuna irin riƙau ɗin Gaskiya, to tana cikin tafiyar da editocin Afirka ta Yamma suka yi zuwa Ingila a 1943. Azikiwe ya shirya takarda da ke neman a sa wa mulkin mallaka wa'adi, 'yan tawaga suka sa hannu, Imam ya ƙi. 'Yan Kudu sun ɗauki wannan a matsayin aikin ɗan koren Bature, kuma an daɗe ana yi masa gori a kai.

A tafiyar nan dai ya gana da Lugga, wanda ya kafa mulkin Turawa ta hannun sarakuna, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙu yana zayyana masa yadda tsarin ya lalace: talaka na shan wuya, matasa masu ilimi ba su da wurin magana, Turawan mulki sun fi jin ta bakin fada. Mutum ɗaya ne ya yi abu biyun nan, kuma a wurinsa ba su ci karo ba. Lissafinsa shi ne Arewa na da ƙarancin 'yan boko ƙwarai in aka gwada da Kudu, in Bature ya tafi yau, akawu da injiniya da alƙalin kotun Turawa duk daga Kudu za su zo. Don haka a jinkirta, a yi karatu, a gyara En'e daga ciki, sannan a karɓa. Wannan shi ne ra'ayin jaridar tsawon shekarunta na ƙarfi, kuma shi ne ya zama ra'ayin Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda Imam na cikin waɗanda suka kafa ta, ta kuma rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951.

Tarihi ya bi wannan layi sawu da ƙafa. A taron Ibadan na 1950 Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina Usman Nagogo suka tsaya a kan sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya. A shekarar nan Tafawa Balewa ya kawo ƙudurin a gyara mulkin En'e a majalisar Kaduna. A 1953 Anthony Enahoro ya nemi mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, jaridun can suka yi musu ca. Shugabannin Arewa ba su manta wannan wulaƙanci ba, kuma yana cikin abin da ya sa suka ɗauki mallakar jarida da muhimmanci irin na mallakar makami.

To amma ba duk Arewa ce ta yarda da a jira ba. A watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, kuma 'yan Sawaba sun ce matsalar talaka ba Bature kaɗai ba ne, har da rawani. Kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, tela ne a bakin kasuwa, kuma ɗan NEPU ne na a-mutu. Yakan zo zauren ya zauna daga gefe har Baba ya gama karatu, sannan ya gyara murya.

"Malam, na ji an buɗe asibiti, na ji an yi hawan daba. Mutanen da alƙali ya ɗaure a ƙauye don sun tsaya sauraren lacca fa, jaridar taku ba ta gan su ba?"

Baba ya naɗe jarida ya ce, "Tela, wanda ya ce maka gyara kayanka bai ce sauke mu raba ba. Ku so kuke a sauke."

Kawu ya ce, "In kaya suka durƙusar da jaki, Malam, ai saukewar ita ce gyaran."

Na girma ina ganin Baba ne da gaskiya, don shi ne mai tabarau da jarida. Yanzu da na karanta ɗaurin shekarun 1950 da idon tsufa, na ga Kawu bai yi ƙarya ba. Tun da mulkin jiha ya koma hannun NPC, jaridar ta zama ta gwamnatin jam'iyya ɗaya, fartanya, alamar NPC, na samun shafin gaba, tauraro kuwa, alamar NEPU, sai in an yi rigima. 'Yan NEPU sai suka koma ga Comet da ake bugawa a Kano, da waƙa, da lacca a dandali. Ga kuma mata: jam'iyyar da ke riƙe da gwamnatin ta ƙi a ba matan Arewa ƙuri'a, ba su samu ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Jaridar da ke alfahari da yaƙi da jahilci ta zauna cikin gidan da ya hana rabin jama'arsa zaɓe. Wannan tabo ne, kuma ban ga amfanin a rufe shi ba.

1966

Ran 1 ga Janairun 1966 gwamnatin Sardauna ta fitar da New Nigerian a Kaduna, ta maye gurbin Nigerian Citizen, da sababbin injina da suka sa bugunta ya fi na sauran jaridun ƙasar tsabta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashin wannan kamfani. Bayan mako biyu, ran 15 ga wata, aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa. Jaririya ta zama marainiya tun ba a yi wata da haihuwarta ba. Mulkin Arewa ya koma hannun Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagogo, a matsayin gwamnan soja.

Na tuna zauren a watannin nan. Ba a sharhi, ba a musu, har Kawu shiru yake yi. Jam'iyyu an rushe su, majalisa babu, shugabanni suna kabari, sai jarida da rediyon Kaduna suka zama kaɗai wurin da ɗan Arewa ke jin ana faɗin abin da ke ransa. A ganina a wannan shekara jaridun biyu suka kai ƙololuwar tasirinsu, a nan kuma aka ga haɗarin da ke cikin irin wannan tasiri. Bayan dokar haɗe ƙasa ta watan Mayu, tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, har da Katsina da Funtuwa, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, daga baya a watan Satumba da Oktoba abin ya fi muni. Marubuta daga Gabas sun zargi kafofin labaran Kaduna, har da Gaskiya, da rura wutar. Masu kare su sun ce fushin ya riga ya cika zukata. Ni dai na san akwai mai gyaran keke a kusa da unguwarmu da ba mu sake ganin sa ba, kuma na san jaridar da mutane suka yarda da ita kamar yadda aka yarda da Gaskiya, kowace kalma tata tana da nauyin da ba a wasa da shi.

Zamanin da ake tsoron ta

Abin mamaki, bayan rasa ubanta ne New Nigerian ta yi ƙarfin da ake ba da labari. Da aka raba Arewa jiha shida a 1967, kamfanin ya shiga cikin kadarorin haɗin gwiwa da hukuma ɗaya ke kula da su. Babu Firimiya a kanta, gwamnonin soja shida kuwa ba wanda zai ce tasa ce shi kaɗai. Cikin wannan sarari Adamu Ciroma, edita ɗan ƙasa na farko, ya yi aikinsa, bayansa Mamman Daura ya karɓa a 1969, mutumin Daura da aka haifa a shekarar da aka haifi Gaskiya, sannan Turi Muhammadu. Sharhinta na shafin gaba, gajere, ya zama abin da manyan ma'aikata a Legas ke fara dubawa da safe. Filin Candido, mai rubutu a ɓoye, ya hana manya da yawa barci. A 1973 ta fara bugawa a Legas ma, don ta isa Kudu da sassafe.

Ra'ayin riƙau ɗin na nan: kare rabon Arewa a tarayya, kare martabar addini da sarauta, ƙin gaggawa. A muhawarar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a 1977 da 1978 kowa ya san inda ta tsaya. Amma tana iya duban gwamna ta ce ya yi ba daidai ba, kuma wannan ne ya sa har wanda ba ya ƙaunar ta yake saye. Lokacin ina sabon malami, a ɗakin malamai mukan yi karo-karo mu sayi New Nigerian, in na dawo gida in tarar da Baba da Gaskiyarsa. Gyara kayanka ɗin da yake faɗa, a shekarun nan na gan shi yana aiki sosai.

A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe New Nigerian gaba ɗaya, ta kuma karɓi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times. Daga ranar jaridar da aka kafa don ta yi magana da yawun Arewa ta zama mallakar gwamnatin tarayya, wadda ita ce ya kamata ta riƙa yi wa magana. Illar ba ta fito nan take ba, don mutanen kirki na nan a ciki. Amma naɗa shugaban kamfani da cire shi ya koma hannun wanda ke mulki a Legas, kowane edita kuma ya san haka. A Jamhuriya ta Biyu mutane da yawa a nan suna yi mata kallon jaridar NPN, jam'iyyar da ke mulkin tarayya, alhali jihar Kaduna, wadda Katsina da Daura ke cikinta a lokacin, Balarabe Musa na PRP ta zaɓa. Da gwamnatinsa ta soke haraji da jangali, Kawu ya zo zaure da tsufansa, bai ce komai ba, ya zauna yana murmushi. Baba ya ce, "Tela, an sauke." Ya ce, "An sauke, Malam, kuma ba a raba ba."

Duwatsun murhu

Jarida kamar tukunya take, a kan duwatsu uku take zama: kuɗin sayarwa, kuɗin talla, da aljihun mai ita. Na Gaskiya biyu sun kasance raunana tun asali. Mun ga yadda kwafi ɗaya ke zagaya unguwa, masu karatu goma, mai biya ɗaya. Talla kuwa manyan kamfanoni a Legas suke, kuma sun ɗauka mai karanta Hausa ba shi da abin saye. Abin da ya rage sai sanarwar gwamnati, ita kuma a buga yau, biya sai an ga dama. Don haka nauyin duka ya koma kan dutse na uku.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu aka karya darajar naira, takardar bugawa da tawada da kayan gyaran inji, waɗanda akasari daga waje ake sayo su, suka yi tashin gwauron zabo. Masana'antar takarda ta Oku Iboku ba ta daɗe ba ta tsaya. Injinan da ake alfahari da su a 1966 suka tsufa. Masaƙun Kaduna da ke ba da talla da masu saye suka bi layi suna rufewa. Labari kuma ya sami wasu ƙofofi: BBC na magana da Hausa tun 1957, ga Jamus, ga Muryar Amurka, kyauta, sau da yawa a rana, kuma ba sa jiran izinin kowa a Kaduna. Ɗaurin ƙarshe a adakar Baba na 1993 ne, kuma ya fi sauran sirantaka.

Duk da haka ban yarda rediyo ko intanet ne suka kashe ta ba. Manyan Arewa da kansu sun nuna sun daina dogara da ita tun da suka koma kafa nasu, kuma abin lura, da yawansu 'yan jiharmu ta Katsina ne: Isma'ila Isa Funtuwa da Democrat, Shehu Musa 'Yar'aduwa da Reporter, Abidina Coomassie da Today da 'yar'uwarta ta Hausa, A Yau. Ƙwararrun ma'aikata suka bi inda ake biyan albashi kuma ake barin su su yi rubutu. Sannan Weekly Trust ta fito a 1998, Daily Trust a 2001, Aminiya a 2006, suka sami masu saye a garuruwan da aka ce ba a karatu. Ashe mai karatu na nan. Abin da ya daina samu a Gaskiya shi ne muryar nan da ke iya cewa gyara kayanka. Da ta rasa wannan, sai ta zama takardar wane ya buɗe, wane ya ziyarta, wane ya yi kira. Riƙau ɗin da ba ya iya tsawata wa nasa ba shi da abin da zai sayar, ko da kwabo ne.

A 2006 gwamnatin Obasanjo ta mayar da kamfanin ga jihohin Arewa goma sha tara. Na yi murna a lokacin, na ce amana ta koma gida. Amma gonar gandu ce aka bar wa magada goma sha tara, kowa na da tasa gayauna: kowane gwamna na da gidan rediyonsa da talabijin ɗinsa, wasu har da jaridarsu, kuma jam'iyyunsu ba ɗaya ba. A 1967 rashin uba ɗaya ya ba jaridar 'yanci, don masu ita suna bukatar ta kuma suna biya. A wannan karon rashin uba ɗaya yunwa ya jawo mata. Albashi ya riƙa maƙalewa wata da watanni, ma'aikata suka shiga yajin aiki, fitowa ta koma yau akwai gobe babu, har masu talla suka daina tambaya. Zancen da ya rage a tarurrukan gwamnoni shi ne na sayar da kadarori a biya tsofaffin ma'aikata haƙƙinsu, wasunsu kuwa sun rasu suna jira. Mutanen da suka kwana a gaban inji don Baba ya sami abin karantawa bayan la'asar ke nan, kuma duk lokacin da na tuna da su raina yakan ɓaci.

Kwanan baya jikana da ke karatu a jami'a ya same ni a kan tabarma da ɗaurin 1954 a gabana. Ya ɗauki ɗaya yana juyawa, ya ce, "Alhaji, wannan ai ya kamata a ɗauke su a hoto kafin su ƙare." Tun daga nan duk Asabar yakan zo da wayarsa, ni in buɗe shafi in danne gefe da hannu, shi ya ɗauka, ya rubuta kwanan wata. Yakan tsaya ya karanta wasiƙa, ya tambaye ni mene ne jangali, ko wane ne ɗan doka, in ba shi labari har azahar ta yi. Mun kai ƙarshen 1957. Ɗaurin 1958 gara ta ci gefensa, takardar kuma ta bushe tana karyewa, don haka na ce ya zo da wuri ran Asabar mai zuwa, mu bi shi a hankali.